Farar Ƙasar Mama Ta Zo Ta Biyar

Juliaca, 11 ga Agusta, 1996

Zuwa ga Yayana Eulogio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Gregoria da yara. Yaya Arequipa, yaya gidan burodi da zafin tanda? Ina fata tumbin nan bai ƙara gaba ba, don ganin da na yi maka na ƙarshe maɓallin rigarka a wahale yake. Mu nan lafiya, sai sanyin da ka sani, kullum ruwan bokiti da ƙanƙara yake wayar gari.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Mama ta yi fushi da ni, fushin kuma ya wuce inda na yi zato. Yau sati uku ke nan ba ta shiga ramin farar ƙasa ba, ba ta kuma shimfiɗa buhunta a kasuwar Asillo ba. Doña Saturnina, maƙwabciyarmu da suke zama gefe da gefe a kasuwa, ita ta aiko mini ta bakin direba. Ka san dokar garinmu. Ramin da aka bari wata uku ba a shiga ba, ba a kwashe shi an yi masa rufin ciyawa kafin ruwa ya sauka ba, taron gari na Lahadin ƙarshen Oktoba zai ba wani, don kada ya rufta ya ja na maƙwabta. Ramin da kakarmu ta fara haƙa da hannunta ne, Yaya. Shi ya saya maka takalmin makaranta, shi ya kai ni kwalejin malamai.

Bari in faɗa maka yadda aka yi tun kafin wani ya faɗa maka ya ƙara gishiri.

Bana shugaban makarantarmu ya ɗora mini aikin bajekolin kimiyya. Na ce da 'yan ajina mu gwada magungunan ƙwannafi, mu ga wanne ya fi kashe asid ɗin ciki, tunda babu gidan da babu mai kuka da zafin ciki. Muka samo huɗu a kemis: madarar magnesiya ta kwalba, garin soda, ƙwayar taunawa, da gishirin nan mai kumfa. Na biyar kuwa chaco ne, farar ƙasarmu, wadda Mama ta aiko mini a watan Mayu. Muka dafa baƙar masara muka tace, don ruwanta yana juyewa ja wur idan asid ya yi masa yawa. Muka jera kofi biyar, kowanne da ruwan masarar da magani gwargwadon abin da mutum zai sha sau ɗaya. Sai a riƙa ɗiga asid ana motsawa ana ƙirgawa har kofin ya yi ja. Wanda ya fi shanye ɗigo kafin ya yi ja shi ne gwani. Madarar magnesiya ta shanye tamanin da takwas, soda saba'in, ƙwaya hamsin da biyu, gishirin talatin da biyar. Farar ƙasar Mama ta yi ja a ɗigo na bakwai. Sau uku muka maimaita, bakwai ɗin ce dai.

Ranar Litinin ashirin da biyu ga Yuli aka jera teburanmu a dandali. Ranar kasuwa ce, jama'a maƙil. Na rubuta sakamakon a babban kwali, a layin ƙarshe na sa "Chaco na Doña Teodosia, Asillo, ɗigo bakwai." Ƙa'ida ce a faɗi inda aka samo kowane abu, shi ya sa na sa sunanta, ba da wata manufa ba. Aka miƙo mini lasifika, kai kuwa ka san bakina idan ya ga jama'a. Na yi bayani da Sifaniyanci, sannan na juya yarenmu saboda mutanen ƙauye da suka tsaya kallo. Da na zo kan kofi na biyar sai na ɗaga shi sama na ce, "Wannan kuma gadon kakanni ne. Ku dama shi da gishiri ku dangwala dankali, akwai daɗi. Amma ranar da ciki ya kama da wuta, ku bar wa ƙasa ƙasarta ku nufi kemis." Aka yi ta dariya har da tafi. Ina sauke kofin na hango malfar Mama a layi na biyu.

Tana tsaye da ƙulli a baya, Doña Saturnina a gefenta tana bin kwalin da yatsa tana karanta mata a kunne. Ban san za ta zo ba. Kafin in zagayo teburin sun shige cikin jama'a, kafin in isa tasha motar Asillo ta tashi. Mu muka zo na ɗaya a bajekolin, in kana son sani. An ba mu kofi da takardar yabo, suna nan cikin akwati ban ƙara duba su ba.

Na san za ka ce bakina ne. Na yarda barkwancin bai dace ba, kuma ina jin kunyarsa. Amma lambar nan ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ba zan koya wa yara su ƙirga gaskiya ba sannan in ce su rufe ido idan an zo kan kayan gidanmu. Na je gida Lahadin da ta wuce don in yi mata wannan bayani, na tarar da ƙofa a ja, aka ce tana wajen tumaki. Na zauna a kan dutsen niƙa har motar ƙarshe ta yi hon, ba ta dawo ba.

Roƙona shi ne ka rubuta mata, malamin coci zai karanta mata kamar kullum. Maganarka take ji tun muna yara, ko da kai ne marar gaskiya. Ka ce ta yi fushi da ni yadda take so, amma ta koma ramin.

Ka gaida Gregoria da yara da kyau. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Hermelinda

Juliaca, 1 ga Satumba, 1996

Yaya Eulogio,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fata tarin da ka ce ƙaramar tana yi ya lafa. Takardarka ta iso ran Alhamis. Layi shida ce, ba ko "yaya sanyi", kuma na cancanci hakan. Tambaya ɗaya ka yi mini: me ya kawo Mama Juliaca ran Litinin da ƙulli a baya, ita da ta fi shekara huɗu ba ta hau mota ba? Ka san amsar, so kake in rubuta da hannuna. To ga ta.

A watan Mayu ban ce mata gwaji zan yi ba. Aika mata na yi cewa cikina yana mini zafi, ba na iya cin abinci, ta taimaka ta aiko mini da farar ƙasa mai kyau. A lokacin lafiyata ƙalau, har ƙiba nake yi. Na san idan na ce a kofi zan zuba ta in ɗiga mata asid ba za ta ba ni ba. Matar da ba ta taɓa sa ƙafa a ramin nan ba sai ta binne ganyen koka uku a bakinsa ta nemi izinin Uwar Ƙasa, ita ce za ta ba da kayanta a yi wasan yara da shi? Sannan so nake in sami wadda ta fi kowace kyau, don kada wani ya ce ta banza na gwada. Na ɗauka ƙarya ce 'yar ƙarama, irin wadda ake yi a manta kafin a gama cin abinci.

Na sake zuwa gida satin da ya wuce. Mama ta sake tafiya wajen tumaki, sai Doña Saturnina na samu tana shanya busasshen dankali. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "A'a, Malama mai ɗigo. Ashe an warke? Wanne kika sha a cikin na kemis ɗin, mu ma mu saya?" Na tsaya ina saurarenta. Da ta gaji da yi mini ba'a sai ta ba ni wurin zama, ta faɗa mini abin da ban sani ba.

Ka tuna ƙasan ramin can, inda ake samun mai santsin nan da ke narkewa a harshe? Tun rasuwar Baba Mama ba ta sauka can ba, don shi ne mai riƙe mata igiya. Ta sama take kankarowa ta kai kasuwa. Ranar da saƙona ya isa ta je ta ɗauko Doña Saturnina ta ce ta riƙe mata igiya, ɗiyarta ba lafiya. Ta sauka da kyandir, mace mai shekara sittin da uku, ta yi rabin yini a ƙasa. Wajen hawowa ƙafarta ta zame, gwiwa ta gurɗe, ta hana a faɗa wa kowa. Ni kuma da kayan suka iso ko "na gani" ban aika ba, hidimar bajekoli ta sha mini kai. Wata biyu tana jiran labari. Da ta ji shiru sai ta ce ciwon ne ya kwantar da ni. Ta sake haƙo wata, ta tsinko ganyen muña na maganin ciwon ciki, ta yanka kaza, ta ɗaura duka a baya ta hau mota da wannan gwiwar. A gidan da nake haya aka ce mata Malama tana dandali. Ta zo ta same ni da lasifika a hannu, kumatu sun cika, ina ba jama'a dariya da sunanta.

Yaya, abin da Doña Saturnina ta faɗa mini ke nan. Na yi nadamar da ban taɓa yin irinta ba. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba, gidan rediyo ya karanta sakamakonmu da yarenmu, kasuwar Asillo duka ta ji. Yanzu har masu haƙa a sauran ramukan ana tsokanarsu, mai saye ya tsaya ya ce a ba shi ta ɗigo bakwai.

Da na dawo sai na ce watakila ni ce na yi gwajin ba daidai ba, tunda niƙa ta na yi na zuba haka nan. Na ɗauko ragowar na yi yadda Mama take yi. Na jiƙa ta ta kwana, na bari tsakuwar ta kwanta, na tsiyaye farin ruwan sama mai kauri. Ta yi ja a ɗigo na tara. Na ninka yawanta, na rage ƙarfin asid, na ɗumama ruwan, ba abin da ban yi ba har sai da ragowar ta ƙare tas, ba ta taɓa kusantar ko gishirin kumfa ba. Ba zan ɓoye maka ba, na ɗauko sabon kwali na rubuta sittin a gaban sunanta, da niyyar in kai kasuwa in ce kuskure muka yi da farko. Kwana biyu kwalin yana jingine a bango ina wucewa ina kallonsa. A na uku na kekketa shi na hura wuta. Ba don ni mutuniyar kirki ba ce, tsoro na ji, don na ga inda ƙarya ɗaya ta kai ni.

Saura sati takwas taron gari. Ka ce ba za ka rubuta mata ba sai na faɗi gaskiya. Na faɗa, yanzu sai ka cika naka.

A gaida kowa da kowa. Ki yi haƙuri Gregoria, na san ke yake karanta wa.

Ƙanwarka mai laifi,
Hermelinda

Juliaca, 13 ga Oktoba, 1996

Yayana,

Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, kai da iyali, da fatan kowa yana lafiya. Na gode da takardar da ka aika wa Mama. Malamin coci ya ce ta saurara tun daga farko har ƙarshe, hannunta yana kan mazari bai tsaya ba. Da ya gama sai ta tambaye shi ko ka faɗi lambar takalmin babban ɗanka, tana so ta saƙa masa safa. Maganar rami ko tawa ba ta ce uffan ba. Na kuma gane ba za ka samu zuwa taron ba, ga aikin burodin bikin tunawa da matattu ya matso, maigidanku ba zai sake ka ba. Ban riƙe ka ba.

Kada ka yi dariya da abin da zan faɗa. Ciwon da na yi ƙaryarsa ya zo da gaske. Wata guda ke nan cikina yana ci kamar an zuba barkono, da safe kafin in ci komai ya fi tsanani. Na ce to ai ni ce na san gwani, na sayo madarar magnesiya. Takan kwantar da shi awa ɗaya ya dawo, ga zawo da ta haɗa ni da shi, sau biyu ina barin aji a guje yara suna ƙunshe dariya. Soda kuma ta cika ni da gyatsa. Dole na je asibiti.

Likitar mace ce, mutuniyar Ayaviri, da furfura a gaban goshi. Ta duba ni ta ce bangon cikin ne ya yi laushi, damuwa da rashin cin abinci kan lokaci, ba a kai ga gyambo ba tukuna. Tana rubuta magani ta ɗago ta ce ko ni ce malamar da aka ji a rediyo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi ƙirgata daidai ne, amma abu ɗaya kawai na auna. "Malama, ciki ba kofi ba ne," in ji ta. Ta ce a saninta farar ƙasa ba kashe asid ne babban aikinta ba, lulluɓe bangon ciki take yi kamar yaɓe, shi ya sa tsofaffi suke shan ta da safe kafin abinci. Ta ce ba maganin kowane ciwo ba ce, mai gyambo ko mai aman jini asibiti ne wurinsa, amma wanda ya ce ba ta aikin komai bai san ta ba.

Na fito ina jin kaina ƙarama. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara cewa kafin ka auna abu ka tambayi kanka me kake aunawa, ni kuma ban tambaya ba. Da na tambayi Mama yadda ƙasar take aiki, da ta faɗa mini da nata kalmomin, don na sha jin tana ce wa masu saye "shafe ciki take yi." Ina zaune a gefen buhunta tun ina shekara biyar ina jin wannan magana, ban taɓa ɗaukarta ilimi ba.

Na sayo farar ƙasa a kasuwar nan, don ta Mama na ƙarar da ita a kofuna. Na yanka hanta ɗanya falle biyu, na shafe ɗaya da kwaɓin ƙasar, na bar ɗaya haka, na ɗiga musu asid. Wadda ba a shafa ba nan da nan ta yi fari-fari ta ƙanƙance. Da na wanke ɗayar na same ta da sauran janta. Sau biyar na yi, kuma wannan karon ban ƙara ko ɗigo a kan gaskiya ba.

Na je na ga shugaban gari, na roƙe shi ya bar ni in riƙa zuwa Asabar ina kwashe ramin da kaina. Ya ce rami na mai kwana a gari ne, ba na 'yan Asabar ba, amma zai ba ni dama in yi magana a taro. Zan tafi da hantata da faranti biyu. A gaban jama'a na kunyata ta, a gaban jama'a zan wanke ta. Idan mutane suka gani da idonsu, masu saye za su dawo, ita ma za ta koma. Ka taya ni da addu'a, kuma kada ka faɗa mata ba ni da lafiya, da bakina nake so ta ji.

Gaisuwa ga Gregoria da yara.

Taka,
Hermelinda

Juliaca, 29 ga Oktoba, 1996

Yaya Eulogio,

Ina gaishe ka, ina gaida Gregoria da yara, da fatan aikin burodin biki bai karya ka ba. Jiya na dawo daga gida. Ramin ya tafi, Yaya. Gara in faɗa tun a layin farko don kada ka karanta da sa rai.

An yi taron a filin makarantar firamare bayan an fito coci. Mama tana zaune cikin mata a ƙasa, da sanda a gefenta, ban taɓa ganinta da sanda ba sai ranar. Aka gama maganar magudanar ruwa da ta tumakin da suka shiga gonar wani, sannan shugaba ya kira ni. Na ajiye farantaina a kan benci na yi abin da na zo yi. Na ce gwajina na farko abu ɗaya ya auna, kuma ba shi ne aikin farar ƙasa ba. Na shafe hanta, na ɗiga asid, na wanke, na zagaya da faranti kowa ya leƙa. Tsoho Don Eleuterio ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To 'yar Teodosia, shekara nawa kika yi a kwaleji kafin ki gano abin da jakina ya sani? Shi ma lasarta yake yi." Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ga dariyar a kaina take ba a kanta ba. Na ce zan kai gyaran gidan rediyo su karanta. Na juya wajen mata na ce na ci mutuncin sana'ar uwata a bainar jama'a, ina roƙonta gafara a bainar jama'a. Mata suka yi ta gyaɗa kai, wata ma ta ce a ajiye mata farar ƙasa Lahadi mai zuwa. A raina na ce shi ke nan, an gama.

Shugaba ya tambayi Mama ko za ta koma raminta kafin ruwa. Ta dafa sanda ta miƙe. Ko faranti ba ta kalla ba, shugaba take kallo. Ta ce, "Ni ban san ɗigo ba, bakwai ne ko ɗari, bai dame ni ba. Na san abin da nake sayarwa. Shekara arba'in ina shiga ramin nan da waƙa. Sau ɗaya na shiga ina kuka, ina roƙon Uwar Ƙasa ta ba ni mai kyau don ɗiyata tana ciwo. Ta ba ni. Ashe ƙarya na kai mata. Da wane ido zan koma in roƙe ta? A ba Saturnina."

Doña Saturnina ta tashi tana share ido da gefen mayafi, ta ce ita ba ta so, za ta riƙe ne kawai da sunan Mama har ta huce. Mama ta ce ba riƙo ba ne, kyauta ce, a rubuta. Aka rubuta, ta dangwala yatsa. Ni ina tsaye da farantin hanta a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Wata uku ina faɗa da lamba, Yaya. Na ƙarar da ƙasarta ina neman ƙarin ɗigo, na je wa likita, na yanka hanta, duk ina gyara abin da bai taɓa yi mata ciwo ba. Ƙaryar kuwa, da na rubuta maka ita sai na ji kamar na sauke, ban taɓa zuwa na durƙusa na faɗa mata ita ba. Ko a taron ma sana'arta na ambata, ban ambaci ƙaryar ba, don ina jin kunyar mutane su ji. Ita ce ta faɗa da bakinta.

A gida ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dafa dankali ta yanka cuku, ta zuba mini da yawa, ta shimfiɗa mini bargo biyu. Da yamma muna zaune a bakin murhu na durƙusa na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun Yuli. Ta ce ta ji, Allah ya yafe mana duka, in tashi ƙasa da sanyi. Sai na ce mata yanzu cikina yana ciwo da gaske, har na je asibiti. Ta ci gaba da tura kashin shanu a wuta, ta ce Allah ya sawwaƙe, ai ina da magunguna huɗu da suka fi nata. Ban ji haushi ba, ni na koya mata lissafin.

Da safe ta raka ni bakin hanya da sandarta, duk da na ce ta zauna. Muna tsaye muna jiran mota sai ta jingine sandar a jikinta ta kama fuskata da hannu biyu. Ta ja fatar idona ƙasa, ta ce in fito da harshe, ta danna mini ƙasan ƙirji da yatsa, yadda take yi mana muna yara. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sake ni ta ce, "Da can in na dube ki nakan san ko kina ciwo. Yanzu ina dubawa, ban sani ba."

Motar ta iso, direba ya karɓi jakata, na shiga. Ta tsaya har muka sha kwana, amma ba ta ɗaga hannu ba.

Kada ka ƙara rubuta mata a kaina, ka yi iyakar ƙoƙarinka kuma na gode. Idan ka samu hutu bayan biki ka je ka kai ta a duba gwiwar nan, kai za ta bi. Ni zan riƙa zuwa duk Asabar, ko ta tafi wajen tumaki.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya yara.

Ƙanwarka,
Hermelinda